Ba Ciwon Ido Ya Kai Ni Sakkwato Ba

Bello, Sani, Zulai, gare ku nake rubuta wannan, tun hannuna na iya riƙe biro kuma hankalina na tare da ni. Ku duka kun san cewa shekarar da munka baro Tozai na yi wata biyu a Sakkwato ana yi mini aikin ido. Haka anka gaya muku, kuma ni na sa anka gaya muku haka. Idona lafiyarsa ƙalau, har yau ina zura zare a allura ba tare da tabarau ba. Asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa na kwanta, kuma Innarku ce ta kai ni. Za ni faɗi yadda abin ya faru tun daga farko, domin akwai laifin da anka ɗora mata wanda ba nata ba ne.

Sai na fara da Jaɓɓi. Kun san shi da suna Baffa Jaɓɓi, Bafillacen da rugarsu ke gabas da gonarmu, amma ba ku san yadda muke ba kafin a haife ku. Tare munka yi ƙuruciya. Shi ya koya mini tatsar nono, ni na koya masa ɗaurin dami. Da munka girma, duk kaka in na kwashe gero sai ya kawo shanunsa su kwana a gonata su ci kara su bar mini taki, kuma ba mu taɓa zama mun yi ciniki a kan haka ba. Matarsa Dije kan aiko wa Innarku nono a ƙwarya, Innarku ta mayar da ƙwaryar da gari ko daddawa. Yana ɗan ɗingishi, domin wani bijimi ya taɓa take masa gwiwa, kuma ba ya son a yi maganar.

Shekarar nan gero ya yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba, amma ba mai iya zuwa ya yanke shi. 'Yan bindiga sun cika dajin, duk wanda ya yi nisa da gari da wuya ya dawo. Muna zaune muna kallon tsuntsaye na cin wahalarmu. Sai labari ya zo cewa sun ja da baya, an kwana biyu ba a ji ƙarar babur ba ta gabas. Ni ne na fara cewa mu fita. Na kira gayya, mutum takwas sunka amsa mini, sannan na taka har ruga na sami Jaɓɓi yana gyara igiyar maruƙa.

Ya ce, "Umaru, hankalina bai kwanta da hitar nan ba. A ƙara kwana uku mu gani."

Na ce, "Rabin yini ne, Jaɓɓi. Kahin azahar mun ɗaure dammai mun komo."

Ya ci gaba da murza igiyar, sannan ya ce, "To, tunda kai ka ce."

Rana ta ɗaga, mun yanke fiye da rabi, sai munka ji baburan. Kowa ya watse. Ni na faɗa wani ɗan kwari a gefen gona na jawo kara na rufe jikina. Jaɓɓi bai iya gudu ba saboda gwiwar nan. Na ji ya kira sunana sau biyu. Bayan nan na ji yana yi musu magana da Fillanci, muryarsa a kwance kamar mai lallashin saniya, sannan na ji harbi. Ban motsa ba sai da rana ta karkata. Da na fito, yana kwance tsakanin dammai, hularsa ta malfa a gefe.

Mutum kaɗan sunka zo jana'izarsa. Lokacin an kai inda mutanen gari ke kallon kowane Bafillace da ido ɗaya, ko da kuwa shi anka kashe. Kafin a yi addu'ar bakwai Dije ta kwashi ɗiyanta da sauran shanu sunka ƙetare iyaka ta wajen Burkusuma, ba mu yi sallama ba. Ba da jimawa ba mu ma munka bar Tozai. Bello yana Legas wajen nema, Sani yana Maraɗi, Zulai munka kai ta Sabon Birni wajen goggonta, ni da Innarku munka sauka Isa a gidan yayana, Baffanku Mamman. Ya ba mu ɗaki a can ƙuryar gida, kusa da turken tumaki.

A ɗakin nan ciwon ya same ni, ko da yake ban san ciwo ba ne. Barci ya fara ƙaurace mini, sannan abinci. In an kawo fura da nono, warin nonon kaɗai ya ishe ni in juya baya. Isa gari ne na babura, kuma duk wanda ya wuce bayan katanga sai jikina ya ɗauki rawa, gumi ya karyo mini, in tsinci kaina a durƙushe bayan ƙofa, ni dattijo mai furfura. Ina tsaye a salla sai in manta raka'a ta nawa nake. Na daina zuwa masallaci domin ina ganin duk sahun sun san abin da na yi. Kuma a kowane lokaci, ko ana magana da ni ko ba a yi, ina jin Jaɓɓi na kiran sunana sau biyu. Na kan zauna daga safe har la'asar ina kallon bango, kuma abu ɗaya ke yawo a kaina: ni na kira shi, ya zo, ya kira ni, ban je ba.

Baffanku bai yi sakaci da ni ba, wannan dole in faɗa. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure. Da ya ga halin da nake ciki sai ya ce iska ce na haɗu da ita a gona. Ya kawo malami ya yi mini ruƙiyya, anka yi mini rubutu na sha, anka turara ni da saiwoyi har idona na hawaye. Karatun Alƙur'ani kan sanyaya mini zuciya na ɗan lokaci, ban raina shi ba, amma da malamin ya tafi sai abin ya dawo inda yake. Baffanku ya hana kowa shiga ɗakin in ba Innarku ba. In baƙi sun tambaye ni sai a ce ina fama da zazzaɓi. Akwai dalilin da ya sa yake haka. Muna yara, wani ƙanen mahaifinmu ya taɓu, munka ga yara na bin shi da jifa a kasuwa, kuma shekaru da yawa ana kiran gidanmu da sunan da ba za ni rubuta ba. Baffanku ya girme ni da shekara tara, shi ya fi jin zafin abin. Da wata uku sunka wuce ba sauƙi, sai ya fara maganar wani mai magani a wani ƙauye, wanda ke ajiye irinmu a gidansa. Innarku ta bincika a wajen mata, anka gaya mata mari ake sa wa mutane a ƙafa can, kuma akwai bulala.

Yadda taimako ya zo, ba wanda ya shirya shi. Innarku na da hawan jini, tana zuwa ƙaramin asibitin unguwa duk wata. Akwai wata ma'aikaciyar lafiya a wurin, Malama Hajara, mace mai kimanin shekara hamsin, wadda ta fi kowa daɗewa a asibitin. Ta auna Innarku ta ga jinin ya hau fiye da kullum, ta tambaye ta ko tana shan magani. Innarku ta ce tana sha. Ta tambaye ta ko tana barci. Daga baya Innarku ta gaya mini cewa ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

Ta ce, "Malama, ba ni ce marar lahiya ba. Maigidana ne. Ya bar ci, ya bar magana, in babur ya wuce sai ya ɓoye."

Malama Hajara ta tura ƙofa ta rufe, ta zauna ta saurare ta har ƙarshe, mata na jira a waje kan benci. Ta ce mata tun da mutanen ƙauyuka sunka fara tururuwa zuwa Isa ta ga irin wannan ba sau ɗaya ba, maza da mata, har an kai su wani horo a Sakkwato a kan yadda za su gane shi. Ta ce ciwo ne, kuma yana da magani. Ta ce ta kawo ni. Innarku ta ce ba za ni zo ba, kuma ko na yarda Yaya Mamman ba zai bari ba. Sai Malama ta gaya mata abubuwan da za ta sa wa ido. Ta ce in ta ga na fara rabar da kayana, ko ina bin mutane ina neman gafara ba dalili, ko na wayi gari da natsuwa irin wadda ba ta saba gani ba, to kada ta bar ni ni kaɗai ko na minti ɗaya, ta aiko a kira ta ko tana ina.

Ba a yi kwana goma ba ranar ta zo. Wannan shi ne wurin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Na riga na yanke a zuciyata cewa zamana a duniya nauyi ne a kan kowa, kuma na san hukuncin abin da nake tunani, na karanta, amma ciwon ya rufe mini wannan ƙofar kamar yadda ya rufe sauran. Ranar wata Laraba na tashi na yi wanka, na sa riga mai kyau, na fito tsakar gida karo na farko cikin makonni. Matan gida sunka yi ta hamdala. Na ba wani maƙwabci rediyona. Na je na durƙusa gaban Baffanku na ce ya yafe mini duk abin da na taɓa yi masa, ya yi murna ya ce rubutu ya fara aiki. Na dawo ɗaki na ce wa Innarku ita ma ta yafe mini, na fara gaya mata iyakokin gonarmu ta Tozai, daga tsamiya zuwa kwari, don ta gaya muku.

Ta tashi ta ɗauke ragowar maganin feshi da munka zo da shi daga gona, da duk wani abin da ta ga zai iya cutarwa, ta miƙa wa wata maƙwabciya ta kan katanga, ta roƙe ta ta je asibiti ta ce wa Malama Hajara ita Habi na kiranta. Sannan ta dawo ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafunta ta tare hanya. Na ce ta ba ni wuri za ni fita.

Ta ce, "Malam, shekara talatin da ɗoriya ban taɓa tare maka hanya ba. Yau na tare. In za ka hita sai ka taka ni."

Malama Hajara ta iso bayan azahar da abin awon jini a jakarta, ta ce wa mutanen gida ta zo duba Habi ne. Ta zauna a tabarma nesa kaɗan da ni, ta gaishe ni kamar yadda ake gaida kowane dattijo, ta tambayi mutanen Tozai. Ta ɗaura mini abin awon a hannu, tana matsawa, sannan ba tare da ta canza murya ba ta yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini.

Ta ce, "Malam Umaru, za ni tambaye ka abu, kuma ba don in kunyata ka ba. Kana tunanin kashe kanka?"

Na yi zaton in wani ya furta kalmar nan ƙasa za ta tsage. Ba abin da ya faru. Tumaki na ta kuka a turke, wata mata na daka a maƙwabta. Na ce mata e. Ta tambaye ni ko na sa rana, na ce yau. Ba ta yi salati ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce ta gode da na gaya mata gaskiya, sannan ta ce in ba ta labarin abin da ya faru a gona. Na ba ta, tun daga igiyar maruƙa har hular malfa. Wannan ne karo na farko da Innarku ta ji cewa Jaɓɓi ya kira sunana. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da anka binne shi.

Malama ta ce abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibitinsu, sai Sakkwato. Ta fita tsakar gida ta buga waya ga wani likita can, ta dawo ta rubuta takarda ta ba Innarku. Ta ce gobe da motar farko, kuma kafin goben kada a bar ni ni kaɗai. Ta tambaye ni ko akwai wani namiji da nake jin nauyinsa wanda zai iya zama da ni. Na ambaci limamin unguwar, wani tsoho mai sanyin hali. Ita da kanta ta je ta same shi. Ya zo ya zauna da ni, bai tambaye ni me ya hana ni jam'i ba. Abin da ya ce kawai shi ne, wanda ya karye a ƙafa ba a ce masa ba shi da tawakkali don ya je wajen maɗori, kuma zuciya ma tana karyewa. Ya ja mu salla a ɗakin, ni da shi.

Da yamma Innarku ta je ta sami Baffanku a zaure. Liman ya raka ta, ni kuma ina jin su daga soro na biyu inda anka zaunar da ni kusa da su don kada a bar ni ni kaɗai. Ta durƙusa ta gaya masa abin da Malama ta ce, ta nuna masa takardar.

Ya ce, "Asibitin mahaukata? Ɗan'uwana za ki kai asibitin mahaukata, duk Isa ta ji?"

Ta ce, "Yaya, yau da safe da ya zo neman gahwara wurinka, sallama ce ya yi maka."

Na tabbata maganar ta shige shi, domin da ya sake magana muryarsa na rawa. Ya ce to a kai ni wajen mai maganin nan, can ba wanda ya san mu, kuma in an ɗaure ni ba yadda za ni cuci kaina. Liman ya sa baki ya ce a gwada asibiti, addu'a kuma ba za a fasa ba. Baffanku ya ce wa Liman da girmamawa wannan maganar gida ce. Sannan ya juya kan Innarku.

Ya ce, "Habi, ni ne babba gidan ga. In kika hitar da shi ba da izinina ba, kada ki komo da shi nan. Kuma maganar Zulai da Nasiru, ki ɗauka ba a yi ta ba."

Zulai, kin san an riga an kawo kayan sa rana tsakaninki da Nasiru ɗan Baffanku, kuma kowa ya san ba haɗa ku anka yi ba, ku kunka haɗa kanku tun kuna yara. Innarki ta san haka fiye da kowa, ita ke ɓoye miki tsarabar da yake aikowa don kada 'yan'uwanki su yi miki tsiya. Na yi zaton za ta janye. Sai na ji ta ce,

"Allah shi huci zuciyarka, Yaya. Gobe za mu tahi."

Mun tafi da safe. Hanyar Gundumi ba ta biyuwa lokacin, sai motar ta zagaya ta Sabon Birni da Goronyo. Da munka tsaya tashar Sabon Birni ana ɗaukar fasinja, daga inda muke zaune ana hango lungun gidan goggonki. Innarki ta kalli lungun har motar ta tashi. A cikin motar nan ne na riƙe mata hannu na ce ta rantse mini ba za ta taɓa gaya wa 'ya'yana inda ta kai ni ba. Na ce gara in mutu da ku san ubanku ya kwanta can. Ta ce Malam, ka bari sai ka warke mu yi maganar. Na ce a'a, yanzu. Ta rantse.

Asibitin ba kamar yadda nake tsoro ba ne. Ba wanda ya ɗaure ni. Likitan ya ce damuwa ce mai tsanani, haɗe da firgicin da ya zauna mini tun ranar gona, kuma ya ce ba ni kaɗai ba ne daga yankinmu. Gaskiya ya faɗa, domin gadon da ke kusa da nawa wani ɗan kasuwa ne daga wajen Burkusuma, wanda ya yi wata biyu a hannun mutanen daji. An ba ni magani, makonni biyu na farko ban ga bambanci ba sai nauyin kai da bushewar baki, har na ce a sallame ni. A mako na uku na yi barci. A na huɗu na ji yunwa, na ce wa Innarku ina son tuwon dawa, ta fita ta nemo. Akwai wani ma'aikaci da aikinsa shi ne ya zauna da mutum su yi magana. Sau da yawa ya sa na maimaita labarin gona, har ranar da ya tambaye ni, da na fito daga kwarin nan, me zai faru? Na ce da an binne mu tare. Ya ce to Jaɓɓi da ka sani, haka zai so? Ban amsa masa ba, amma tambayar ta zauna da ni. Duk tsawon wata biyun nan Innarku na barandar da masu jinya ke zama, da tabarmarta da butarta. Ranar da anka sallame ni ta tsaya bakin kasuwa ta sayo mini baƙin tabarau, ta ce tunda ido munka ce, sai a ga alama. Na sa shi wata guda cur.

Ba mu koma gidan Baffanku ba. Liman ya samo mana ɗaki a wani gida da ba a ƙarasa ginawa ba, wanda Sani ya zo daga baya ya sa wa ƙofa. Malama Hajara ce ta riƙe ni bayan nan. Duk wata ina zuwa ta duba ni, in hanya ta rufe ta san direban da za ta ba saƙo ya karɓo mini magani. Ta haɗa ni da wasu maza huɗu masu irin ciwona, muna zama bayan asibiti ranar Asabar ƙarƙashin dalbejiya, wani lokaci mu yi magana, wani lokaci mu yi shiru tare. Har yau muna zama, mun haura goma. Na faɗi wannan ne don in ɗayanku, ko ɗansa, ko matarsa, ya wayi gari cikin irin duhun nan, ku san ƙofar na nan kusa. A fara da asibitin unguwa, a faɗi gaskiya, a tambayi mutum kai tsaye, kada a bar shi shi kaɗai. Ban ce na warke sarai ba. Har yanzu in babur ya taso da gudu sai na dafa bango. Amma na ga jikokina, na yi azumi bakwai da ban yi zaton za ni gani ba.

Abin da ya rage shi ne abin da ya faɗa kan Innarku. Baffanku ya mayar da maganar aure kamar yadda ya ce. Shi ma ba ya son a san dalili, sai abin da ya fita shi ne Habi ta yi masa rashin kunya a zaurensa gaban Liman, ta raba shi da ƙanensa. Dangina sunka ɗauke mata ƙafa. In an yi suna ko biki ba a aiko mata goro. Ke kuma Zulai kika zo daga Sabon Birni kika same ta tana tankaɗe, ina zaune a gefe da baƙin tabarau.

Kika ce, "Inna, mi Baffa ya yi miki? Ki je ki ba shi haƙuri, don Allah. Ko don ni."

Ta ce, "Ba abin da za ni iya gyarawa ba ne, Zulai."

Kika ce, "To ki gaya mini mi ya haɗa ku."

Ta dube ni. Dubawa ɗaya ta yi, ba ta daɗe ba. Na sunkuyar da kai. Sai ta ci gaba da tankaɗenta ta ce miki wata rana za ki gane.

Nasiru ya auri wata. Ke ma kika yi aure a Sabon Birni bayan shekara biyu, kuma na gode Allah mijinki mutumin kirki ne. Amma tun daga ranar nan gaisuwarki da Innarki ta koma ta bakin ƙofa. Kina aiko mata atamfa da salla, kina zuwa in an ce ba ta da lafiya, ba ki taɓa ɗaga mata murya ba, sai dai ba ki ƙara zama kusa da ita ta tsefe miki kai ba. Ta kan ajiye miki kuka da kuɓewa busassa, in kin zo ta rasa yadda za ta miƙa miki sai ta ba yaranki. Sau uku ta roƙe ni in sake ta daga rantsuwar. Na farko na ce sai na ƙara samun ƙarfi. Na biyu na ce sai bayan bikinki, kada dangin miji su ji. Na uku na ce ai abin ya wuce, tada shi ba zai dawo da komai ba. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba. Na sami ƙarfin gaya wa baƙi goma ƙarƙashin dalbejiya abin da ya same ni, amma na kasa gaya wa 'ya'yan cikina.

Bara da hawan jinin ya kayar da ita, kin zo kin yi kwana huɗu kina jinyarta. Kin yi duk abin da ɗiya ke yi, kin wanke ta, kin juya ta, kin ba ta kunu da cokali. Rana ta uku da hantsi bakinta ya ɗan saki, ta kama gefen zanenki. Ina zaune a kan kujera bakin ƙofa, tsakanina da ku bai fi taku uku ba.

Ta ce, "Zulai, kin yahe mini?"

Kika ce, "Allah shi yahe muna baki ɗaya, Inna."

Ta saki zanen. Ta juyo da idonta wajena, ta bar shi a kaina. Na san abin da take jira. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarki ko a ƙaro ruwan zafi. Washegari da la'asar ta cika.

Kada ku riƙe Baffanku a zuciya, ya tsufa, kuma tsoro ne ya sa shi, irin tsoron da ya sa ni. Ku je ku gaishe shi kamar kullum. Bello da Sani, ku yi wa Innarku addu'a da sanin ko wace ce ita. Ke kuma Zulai, ba ni da abin da za ni ba ki a madadin shekarun nan bakwai. An ba Innarki zaɓi tsakanin aurenki da raina, a zaure, cikin minti ɗaya, ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Wannan nata ne, kuma ta ɗauka. Shirun da ya biyo baya nawa ne. In kin karanta, ki zo Isa ki faɗa mini duk abin da ke bakinki, ko mai zafi ne. Za ni zauna in ji har ki gama.